Ƙarin Jini: Yadda Hatsari Ya Koma Bakin Gadon Majiyyaci

A cikin shekarar 1667 wani likitan Sarkin Faransa, Jean-Baptiste Denis, ya ɗura wa wani yaro jinin ɗan rago a birnin Paris, yaron kuwa bai mutu ba. Wannan ya ba shi ƙarfin guiwa, ya ci gaba da gwadawa, har wani mutum da ya sa wa jinin maraƙi ya cika. Aka yi shari'a, daga baya hukuma ta hana aikin, maganar ƙarin jini ta kwanta har shekara wajen 150.

Wanda ya tashe ta shi ne James Blundell, likitan haihuwa a London, wanda ganin mata suna mutuwa saboda zubar jini bayan haihuwa ya dame shi ƙwarai. Shi ne ya tsaya a kan cewa mutum sai jinin mutum, ya kuwa fara gwadawa a 1818. Waɗansu suka tashi, waɗansu suka mutu, ba wanda ya san dalili. Sai a 1901 Karl Landsteiner ya warware matsalar a birnin Vienna, da ya nuna jinin mutane iri-iri ne, watau rukunan da yanzu ake kira A da B da O. Aka gano na huɗu, AB, a 1902. In aka sa wa mai rukunin O jinin A, jikinsa zai tasam ma baƙon jinin ya farfasa ƙwayoyinsa, zazzaɓi ya rufe shi, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta tsaya. Jini kaɗan ya isa ya yi wannan ɓarna.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A 1914 aka sami sinadarin da yake hana jini daskarewa, a 1937 kuma Bernard Fantus ya buɗe ma'ajiyar jini a asibitin Cook County na Chicago. Wannan ci gaba ne babba, amma ya zo da wani abin da ba a lura da shi ba da wuri. Dā mai ba da jini yana kusa da mai karɓa, likita yana ganin su duka biyu. Yanzu kuwa jini ya zama kaya a cikin firji, ba abin da ya haɗa shi da mai shi sai rubutun da ke jikin leda. Masu ɗibar jinin gwaji, da karɓar ledar, da rataye ta, galibi ma'aikatan jiyya ne.

An daɗe ba a san girman wannan hatsari ba, domin hankalin jama'a ya tafi ga cututtukan da jini yake ɗauke da su, kuma da dalili, tun da dubban mutane a Birtaniya sun kamu da ƙanjamau da ciwon hanta ta wannan hanya a shekarun 1970 da 1980. A 1996 aka kafa wani shiri mai suna SHOT, inda asibitocin ƙasar suke kai rahoton duk wani mummunan abin da ya biyo bayan ƙarin jini, ba tare da tona sunan kowa ba. Cikin shekara 2 na farko aka sami rahoto 366, daga ciki 191 na jinin da aka sa wa wanda ba nasa ba ne. Ashe fiye da rabin abin da aka kawo ba laifin ƙwayar cuta ba ne, kuskuren hannu ne: an rubuta sunan wani a kwalbar gwajin wani, ko an ɗauko ledar da ba ita ba, ko an duba takardu a tebur maimakon bakin gado.

Saboda haka a 2006 hukumar kula da lafiyar majiyyata ta Ingila ta umarci asibitoci su riƙa jarraba duk ma'aikacin da hannunsa yake taɓa aikin jini, a kuma sake jarrabawar bayan kowace shekara 3. Tambayar ilmi ba ta da wuya: ana ajiye jini a sanyin digiri 2 zuwa 6, a gama sa shi cikin awa 4 da fitowarsa daga firji, a auna zafin jiki da bugun zuciya kafin a fara, a sake aunawa bayan minti 15. Kusan kowace nas tana iya amsa wannan a takarda. Abin da takarda ba ta iya aunawa shi ne hali, watau ko za ta tsaya ta tambayi majiyyacin da ta yi mako tana jiyyarsa ya faɗi sunansa da ranar haihuwarsa da bakinsa, da tsakar dare, ga waɗansu suna kira. Sabo ne yake jawo sakaci, kuma ƙwararriya ba ta tsira daga gare shi ba. Shi ya sa mai jarrabawa yake tsayawa a ɗakin majiyyata, ya ga da idonsa yadda ake gwada sunan da ke ɗaure a wuyan hannu da wanda ke jikin leda, harafi bayan harafi.