Dutsen Da Ya Mutu Da Dutsen Da Ke Raye

Mu mutanen Rano da Kibiya mun tashi a gindin duwatsu, har mun ɗauka dutse ba ya motsi. To, ashe a kudu da mu, a Riruwai, akwai kufan wani dutse da ya taɓa aman wuta. Masana ƙasa sun ce wutarsa ta mutu fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce, ruwa da iska suka cinye kansa, sai gindin ya saura. A cikin gindin nan kakanninmu suka sami kuza, suna narka ta, fatake suna kai ta Kano, tun Turawa ba su zo ba.

Wanda ke son ya san yadda irin dutsen nan yake yana da rai, sai ya dubi Etna, a tsibirin Sisili ta ƙasar Italiya. Tsawonsa wajen ƙafa 11,000 ne. Larabawa, waɗanda suka fara cin tsibirin a 827, suna kiransa Jabalun Nari, watau dutsen wuta. A 1669 narkakken dutse ya kwararo daga cikinsa, ya binne ƙauyuka, ya ratsa ganuwar birnin Kataniya, bai tsaya ba sai teku. A 1928 ya shafe garin Maskali kusan ƙaf.

Mai karatu zai ce, me ya hana mutane su ƙaura? Dalili shi ne tokar da yake fesowa taki ce, inabi da lemo suna yin kyau ƙwarai a gindinsa. Da hunturu kuma ƙanƙara kan rufe kansa, baƙi su zo daga nisa, su ɗaura dogayen faifan katako a ƙafa, suna sulalowa bisa gangare, hayaƙi na tashi a bayansu. A 2002 wuta ta cinye masaukai da wurin wasan na gefen arewa, aka sake ginawa, baƙi suka komo.

Mu namu dutsen ba ya ƙona gonar kowa, amma yaranmu nawa suka san labarinsa? Ya kamata malamai 'yan'uwanmu su riƙa kai almajiransu Riruwai da rani, su ga ikon Allah da idonsu, gama gani ya kori ji.