Daga Zagami Zuwa Bennu: Asalin Haruffan Jininmu

Saurayi da budurwar da suka je gwajin jini kafin aure a Roni ko Kazaure, suna fargabar ko AA za su ji ko AS, abin da DNA ɗinsu ta tsara ake bincika musu. DNA zare ce mai tufka biyu a cikin ƙwayoyin jiki, ɗauke da umarnin halitta da haruffa huɗu, A, T, G da C, kimanin biliyan 3. Sauyin harafi ɗaya tak ke kawo sikila. Friedrich Miescher ya fara tsamo DNA a Jamus a 1869, a 1953 kuma Watson da Crick suka gano siffarta, da taimakon hotunan Rosalind Franklin, wadda aka daɗe ana danne haƙƙinta.

Shekarun duniya sun kai biliyan 4.5, alamun rai sun bayyana tun shekaru biliyan 3.5 da suka wuce. To, daga ina sinadaran haruffan suka fito? Muhawarar ta sake tashi a Janairun 2025, da masana suka sanar da samun waɗannan huɗun, har da na biyar da ke cikin RNA, 'yar'uwar DNA, a ƙurar da kumbon hukumar NASA ya ɗebo daga dutsen Bennu da ke yawo a sararin samaniya ya kawo a Satumban 2023. Ra'ayina shi ne kayan haɗin sun zubo daga sama, amma a doron ƙasa aka harhaɗa su.

Masu musu na farko sun ce gurɓata ce kawai da sinadaran doron ƙasa. Da can suna da hujja, domin dutsen Murchison da ya faɗo a Ostareliya a 1969, wanda aka samu irin waɗannan sinadarai a cikinsa, ya taɓa ƙasa da hannun mutane. Ƙurar Bennu kuwa a rufe ta iso, haka ta dutsen Ryugu da Japan ta kawo a 2020. Wannan hujjar ta yi rauni ƙwarai.

Na biyu, mabiya masanin taurari Fred Hoyle, sun wuce gona da iri, suka ce rai kansa ne ya zo a kan duwatsu. Cewa dutse na ƙetarowa daga wata duniya, ba sai mun je nesa neman shaida ba: ranar 3 ga Oktoban 1962 dutse mai kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina, bincike kuma ya tabbatar daga duniyar Mars yake. Abin takaici ne yaranmu ba sa jin labarinsa a makaranta. Amma Zagami dutsen aman wuta ne, ba a ga ƙwayar rai a cikinsa ba.

Wanda ke tsoron batun zai taɓa imaninsa ya kwantar da hankali, hanyar da sinadarai suka bi ake bincike, sama da ƙasa kuwa duk mulkin Allah ne. A Murchison da Ryugu da Bennu, haruffa warwatse aka samu; har yau ba wanda ya tsinci zaren DNA ko guda a cikinsu.