Yadda Ajami Ya Fita Daga Ofis

A ƙarshen ƙarni na 19, Alhaji Umaru, malami haifaffen Kano, ya zauna a Kete Karaci da ke ƙasar Gana ta yau. A can ya rubuta wa wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, labaran ƙasar Hausa da sana'o'inta. Da ajami ya rubuta su, wato Hausa da haruffan Larabci, domin a lokacin shi ne rubutun da Bahaushe ya sani, daga Sakkwato har Damagaram da zangunan Gonja.

Malamai sun daɗe da sarrafa haruffan su dace da harshen. Da ɗa suke rubuta ɗ, da sa mai ɗigo uku suke rubuta c, wasalin e kuwa sai a sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, kamar yadda ake yi a ruwayar Warshu. Da wannan rubutu Nana Asma'u ta tsara waƙoƙinta na Hausa.

Hukuncin masu mulki ne ya ja da ajami baya. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, suka zaɓi boko don aikin hukuma. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya da boko. A Nijar kuwa Faransanci ne ya mamaye aji da ofis, taron Bamako na 1966 kuma ya tsayar da ƙa'idar rubuta Hausa a kan haruffan Latin. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya cire ajami daga takardun naira 5, 10, 20 da 50.

Ajami bai mutu ba: yana nan a makarantun allo, da waƙoƙin wa'azi, da littattafan magani. Amma masu karanta shi a jami'a kaɗan ne. A Yamai, cibiyar IRSH tana ajiye da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, da yawansu Bubu Hama ne ya tattaro su. Ɗalibin Hausa da boko kaɗai ya iya, sai ya jira wani ya juya masa su. Wanda ya koyi haruffan kuwa zai karanta Alhaji Umaru da idonsa, har ya gane inda mai juyawa ya yi kuskure.