Python da Tsadar Gyaran Tushe

Harshen rubuta manhaja da ake kira Python ya samo asali ne a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, inda Guido van Rossum ya fara gina shi a hutun Kirsimetin 1989, yana aiki a cibiyar bincike ta CWI, ya kuma fito da shi fili a Fabrairun 1991. Ya ɗauko darussa daga wani harshe mai suna ABC da aka yi don koyar da 'yan koyo, shi ya sa Python ya taso da sauƙin karantawa: tazarar da aka bari a farkon layi ita ke nuna wane umarni ne ke ƙarƙashin wane. Siga ta 2.0 ta zo a shekarar 2000. Amma wanda ke son gane halin harshen a yau, abin da ya faru daga 2008 zuwa 2020 zai duba.

A Disambar 2008 aka fitar da Python 3.0, kuma da gangan aka yi shi ba ya karɓar yawancin abin da aka rubuta da Python 2 sai an yi masa gyara. Wasu sauye-sauyen ƙanana ne. A tsohuwar siga idan ka raba 5 da 2 za ta ba ka 2, ta jefar da saura; sabuwar kuwa 2.5 take bayarwa. Babban sauyin yana wajen rubutu. Python 2 ya gaji tunanin zamanin ASCII, tsarin da ke da alamomi 128 kacal, inda kowane harafi ke cin bayit ɗaya. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikinsu. A tsarin UTF-8, wanda ke ɗauke da su, harafin ƙ bayit biyu yake ci, don haka idan ka ba Python 2 kalmar "ƙasa" a matsayin rubutu na yau da kullum ka tambaye shi tsawonta, sai ya ce 5. Idan ka yanko harafin farko, rabin ƙ za ka samu, abin da ba ya karantuwa. Akwai hanyar kauce wa wannan tun siga ta 2.0, amma sai mai rubutu ya tuna da ita a kowane wuri, kuma wanda duk bayanansa na Turanci ne ba zai ga matsalar ba sai ranar da manhajarsa ta ci karo da sunan wani baƙo ta tsaya cik. Python 3 ya raba rubutu da bayit gida biyu, ya ce tsawon "ƙasa" 4 ne.

A ganina wannan gyara daidai ne, kuma duk mai rubutu da Larabci ko Sinanci ko Hausa ya ci moriyarsa. Inda aka yi kuskure shi ne wajen auna nauyin kayan da jama'a za su yi ƙaura da su. Ƙarfin Python yana cikin dubban laburaren da wasu suka rubuta, waɗanda kowace manhaja ke jingina da su. Kamfani ba zai koma sabuwar siga ba sai laburaren da yake amfani da su sun koma, masu laburaren kuma ba sa ganin dalilin wahala tunda masu amfani ba su koma ba. Kowa ya zauna jiran kowa. Python 2.7, da aka fitar a 2010 a matsayin sigar ƙarshe ta Python 2, an shirya daina kula da ita a 2015, dole aka ɗaga wa'adin zuwa 1 ga Janairun 2020. Har sai da masu harshen suka sassauto: a siga ta 3.3, a 2012, suka dawo da wata tsohuwar alamar rubutu da suka cire, don a iya rubuta abu ɗaya ya yi aiki a ɓangarorin biyu.

Abin da ya janyo mutane daga baya riba ce da suka gani da idonsu. Siga ta 3.5 a 2015 ta kawo hanyar bayyana nau'in bayanai, ta 3.6 ta sauƙaƙa saka ƙima cikin jimla, kuma manyan laburare irin su NumPy da pandas, waɗanda masu nazarin alƙaluma ba sa rabuwa da su, suka sanar cewa za su daina tallafa wa tsohuwar siga.

Tabon wancan lokaci bai goge ba. Van Rossum ya ajiye jagoranci a Yulin 2018 bayan zazzafar muhawara kan wata shawarar sauyi ga harshen mai suna PEP 572, aka maye gurbinsa da zaɓaɓɓen kwamitin mutum biyar. Da aka zo kan tsohuwar matsalar GIL, makullin da ke hana zaren aiki biyu gudanar da umarnin Python a lokaci guda, kwamitin ya amince a cire shi bisa sharaɗin a bi a hankali, kuma a iya janyewa idan abin ya kawo ɓarna. Siga ta 3.13 ta Oktoban 2024 ta zo da cire makullin a matsayin gwaji da mutum zai zaɓa da kansa, tsohon tsarin kuma yana nan yana aiki ga duk wanda bai shirya ba.