Sihtric Mai Ido Ɗaya: sarkin York da rasuwarsa ta buɗe ƙofar haɗewar Ingila

Sihtric, wanda mutanen Ireland suka yi wa laƙabi da Cáech, wato mai ido ɗaya, jikan Ivar ne, daga zuriyar mayaƙan teku na Sikandinebiya da ake kira Viking. An kori danginsa daga Dublin a shekarar 902. Ya dawo da jiragen yaƙi a 917 ya ƙwace birnin, sannan a 919 dakarunsa suka kashe Niall Glúndub, babban sarkin Ireland.

Bayan rasuwar ɗan'uwansa Ragnall a 921, Sihtric ya hau gadon sarautar York da ke arewacin Ingila. Kuɗaɗen azurfan da aka buga da sunansa suna ɗauke da hoton takobi, wasu kuma har da gudumar gunkin Thor.

A watan Janairun 926 ya gana da Sarki Athelstan a Tamworth, inda aka ɗaura masa aure da 'yar'uwar sarkin domin ƙulla zaman lafiya tsakanin masarautun biyu. Sai dai yarjejeniyar ta rataya ne a kan ran mutum guda. Sihtric na rasuwa a 927, Athelstan ya mamaye York, ya fatattaki Guthfrith, ɗan'uwan marigayin da ya taso daga Dublin neman gado. Daga wannan shekara ce masana tarihi ke lissafa Athelstan a matsayin sarkin farko da ya mulki Ingila baki ɗaya.