Dinuguan: Tarihin Wata Baƙar Miya a Tsibiran Filifin

A cikin nau'o'in abincin da mutanen tsibiran Filifin suka gada daga kakanninsu, babu wanda ya kai dinuguan nisa da ɗabi'ar Musulmi, domin ya haɗa abubuwa biyu da Alƙur'ani mai girma ya haramta da nassi, wato jini da naman alade. Amma mai neman ilmin tarihi ba ya kau da kai daga abin da ba ya ci, gama sau da yawa tukunyar talakawa takan riƙe labarin da marubutan fada suka yi sakaci da shi.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar dugo, wadda ke nufin jini a harshen Tagalog, su kuwa Ilokano na arewacin tsibirin Luzon suna ce masa dinardaraan, daga kalmarsu ta dara mai wannan ma'ana. Akan yayyanka hanji da huhu da zuciya da kunne, a soya su da tafarnuwa da albasa, a zuba ruwan khal a bar shi ya tafasa, sa'an nan a kwarara jinin ana juyawa ba ƙaƙƙautawa don kada ya yi gudaji, har miyar ta yi kauri ta koma baƙa wuluk, a jefa dogon koren barkono, a ci da shinkafa ko da puto, wata farar waina ta garin shinkafa da ake turarawa. Khal ɗin nan, wanda suke samu daga kwakwa ko rake ko itacen nipa, shi ne ginshiƙin girkin, saboda a ƙasa mai zafi da laima, tun kafin zuwan firiji, tsaminsa ne ke hana nama saurin lalacewa.

Jini yana da daraja a wurin mutanen nan tun zamanin jahiliyyarsu. Antonio Pigafetta, wanda ya rako matuƙin jirgin ruwa Magellan zuwa Sebu a shekarar 1521, ya rubuta yadda ya ga waɗansu tsofaffin mata biyu suna rawa a kewayen alade ɗaure suna girmama rana, har ɗayarsu ta soke shi da mashi, aka shafa jininsa a goshin mazaje. A shekarar 1565 kuma, da Legazpi na Sifaniya ya nemi amana da Sikatuna, shugaban Bohol, sai kowannensu ya tsaga fatarsa, suka ɗiga jini a cikin giya suka sha, alkawarin da ake kira sandugo, wato jini ɗaya.

Da mulkin Sifaniya ya kafu, mulkin da ya ɗore har shekarar 1898, sai limaman Katolika suka rushe waccan hadaya ta alade, suka ba kowane gari waliyyin da za a riƙa yi wa biki shekara shekara. Aladen kuwa bai gushe daga tsakiyar taro ba, illa dai ya koma gasasshe ɗungurungum a kan garwashi, abin da suke kira lechon. To, da yake akan tari jininsa a kwarya a fitar da kayan cikinsa tun da asuba, alhali gashin zai ɗauki sa'o'i masu yawa, kuma talaka bai san zubar da abin da zai ƙosar da shi ba, sai waɗannan suka zama rabon masu aiki da maƙwabta. Ta haka jinin da a da ake shafawa a goshi ya ƙare a tukunya.

Sai dai tukunyar nan tana da iyaka, iyakar kuwa ta addini ce. Musulunci ya riga Sifaniyawa isa tsibiran, domin ana ruwaito cewa malami Makhdum Karim ya sauka a yankin Sulu wajen shekarar 1380, daular Sulu ta kafu a ƙarni na 15, kuma Manila kanta tana hannun Raja Sulaiman, Musulmi, lokacin da Legazpi ya mai da ita hedkwatarsa a 1571. Al'ummomin kudu, irin su Tausug da Maranao da Magindanao, sun yi shekaru fiye da 300 suna kare addininsu da takobi, don haka dinuguan bai taɓa shiga gidajensu ba. Ko a cikin Kiristoci ma, mabiya cocin Iglesia ni Cristo, wanda Felix Manalo ya kafa a 1914, sun haramta wa kansu cin jini.

Abin lura shi ne, su ma Tausug suna da tasu baƙar miya, tiyula itum, wadda suke dafawa da naman sa ko na akuya a ranakun aure da sauran bukukuwa, amma baƙinta daga ƙonanniyar kwakwa yake fitowa. Baƙon da aka ajiye wa akushi biyun nan ba zai bambanta su da ido ba, sai ya tambayi mai gida. Amsar da zai samu kuwa ita ce za ta gaya masa ko jiragen Sifaniya ne suka fara isa garin, ko kuwa malaman da suka zo da kalmar shahada.