Daga Kofin Madara Zuwa Ƙwayar Omeprazole

Sistocin da suka koya mana aikin jinya sun tarar da zamanin da maganin gyambon ciki yake kan ƙafar nas. Tsarin da aka gada na wani likita ne a Chicago ta Amurka, Bertram Sippy, wanda ya bayyana shi a 1915. Za a kwantar da majiyyaci makonni, ana ba shi madara duk bayan sa'a guda tun safe har dare, a tsakani kuma a ɗura masa garin da ke kashe kaifin asid. Nas ce ke duba agogo, ita ke kai kofi ta dawo da shi. Ciwon yakan lafa, amma daga baya aka gane madarar ma tana sa tumbi ya ƙara tsatso asid, kuma haɗa ta da garin nan da yawa yana taɓa ƙoda. Wanda ciwonsa ya ƙi ji sai tiyata: ko a cire wani yanki na tumbin, ko a yanke jijiyar da ke ba shi umarnin fitar da asid, aikin da Lester Dragstedt ya shahara da shi tun 1943.

A asibitocinmu, abin da ya daɗe a kan teburin magani shi ne farin ruwan nan na magnesium trisilicate, wanda sai an girgiza kwalba kafin a zuba a cokali. A gida kuwa jiƙon kanwa ake sha idan ƙwannafi ya taso. Dukansu suna kwantar da zafi na ɗan lokaci ne kawai.

A 1976 aka fara sayar da cimetidine a Ingila da sunan Tagamet, sakamakon binciken James Black da abokan aikinsa, kuma binciken na cikin abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1988. Maimakon a jira asid ya fito a kashe kaifinsa, wannan ƙwaya tana tare saƙon da ke sa a fitar da shi. Ranitidine ta biyo baya a 1981, sannan omeprazole daga Suwidin a 1988, wadda ke toshe famfon asid ɗin kansa. Tiyatar gyambon ciki ta ragu ƙwarai. Sai dai da zarar mutum ya ajiye magani, sau da yawa ciwon yana nan dawowa.

Amsar ta fito daga Perth a Ostireliya. Robin Warren da Barry Marshall sun nace cewa akwai ƙwayar cuta da ke rayuwa cikin tumbi duk da asid, suka kuma yi nasarar raya ta a ɗakin gwaji a 1982. Likitoci da dama ba su yarda ba, har Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ita a 1984, tumbinsa ya kumbura. Sai a 1994 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta amince a riƙa kashe wannan ƙwayar cuta, Helicobacter pylori, ga masu gyambon ciki, su biyun kuma suka karɓi Nobel a 2005. Ciwon da ake jinya shekara da shekaru ya zama abin da omeprazole da magungunan kashe ƙwayar cuta iri biyu kan warkar cikin mako biyu.

Abin da ke damuna shi ne wannan darasi bai gama isa ɗakunan majiyyata da kemis ɗinmu ba. Mace za ta zauna gabana ta dafe ƙirji ta ce, “Sista, olsata ce ta tashi,” ta kwance ledar da ke cike da omeprazole na watanni, ba a taɓa yi mata gwajin ƙwayar cutar ba. Idan na ce ta zazzage ledar duka, sai ga diclofenac ko ibuprofen da take sha kullum don ciwon gwiwa, su ne kuma ke cin bangon tumbin. Sauƙin da omeprazole ke kawowa nan take shi ya sa aka daina neman musabbabi.

Don haka aikinmu yanzu tambaya ce da bayani. Omeprazole kafin karin kumallo ake shan ta da kamar rabin sa'a, mai azumi kuma kafin sahur. Farin ruwan nan yana hana jiki tsotsar ƙwayar ƙarin jini da ciprofloxacin, sai a raba su da aƙalla sa'a biyu. Wanda za a yi wa gwajin Helicobacter ta bayan gida, sai ya dakatar da omeprazole mako biyu, in ba haka ba sakamakon na iya fitowa babu komai alhali ƙwayar cutar tana nan. Ranitidine da muka raba shekaru kuwa, an janye ta daga kasuwar Amurka a 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da ake zargin yana jawo kansa.

Akwai kuma waɗanda ba ma bari su tafi gida da ƙwaya kawai: mai bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, mai aman jini, mai ramewa ba dalili, da wanda abinci ke tsaya masa a maƙogwaro. Dattijon da ya zo da zafin ƙirji yana haɗa gumi, zuciyarsa muke fara sa a duba kafin a yi zancen ƙwannafi.